Darduma Ta Tara

Daga nesa ya hango ta za ta ratsa ciyawar da ya gama askewa, ya kashe inji ya ɗaga murya.

"Ke! Ke mai fulas! Ba a taka nan!"

Ba ta fasa ba. Ya taho da gudu zai yi masifa, sai da ya matso ya ga takalmanta a hannu suke, ƙafarta tsirara cikin raɓa.

"Ka gama ihun?" ta ce. "Tun kana rarrafe nake bi ta nan. Kuma ka bar layi guda can gefen tuta, wanzamin banza."

Ya waiga. Gaskiyarta, ya bar layi. Kafin ya juyo ta yi nisa, ta nufi siton kayan aiki, inda Oga, shugaban masu kula da fili, ya miƙa hannu ya karɓi fulas ɗin. A nan ya gane. 'Yar Oga ya yi wa tsawa.

A filin golf, wurin nan mai laushi da ke kewaye da rami da tuta shi ma'aikata ke kira darduma. Kullum da sassafe sai an aske shi, kuma aikin saurayin ke nan. Ita tana ɗakin wanki na kulob, tana wanke tawul ɗin da masu kuɗi suka goge gumi. Daga ranar sunansa ya koma Wanzami a bakinta, shi kuma ya sa mata Raɓa.

Ya yi mako yana zagaya ɗakin wanki da hujjar neman tsumman goge inji. Da tsummokaran suka ƙare, ta rubuta masa lambarta a bayan kwalin sabulu.

Saƙonsa na farko: "Raɓa, yau ban bar layi ba. Ki zo ki duba."

Ta amsa: "Na duba ta taga. Askin ya yi. Mai askin ne ke buƙatar aski."

Ya rubuta: "Duk wanda ya taka min darduma raina ɓaci yake. Ke kaɗai nake addu'ar ki taka."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci dai?"

Soyayyar talaka ba ta da wurin zama, a tsaye ake yin ta. Tasu a bayan tankin ruwa take, lokacin hutun rana, ita da kwandon tawul a ƙugu, shi da manjagara a kafaɗa don in an gan shi a ce aiki yake.

Amma filin golf ba shi da bango, kowa na ganin kowa. Wata safiya Oga ya kira shi cikin sito, ya zauna kan buhun taki, ya yi tarinsa mai tsawo, sannan ya ɗaga hannayensa biyu.

"Dubi nan, yaro."

Hannayen sun faffashe, faratan sun yi baƙi, yatsu biyu ba sa miƙewa.

"Tun ina da gashi baƙi nake kan ciyawar nan. Ban taɓa buga ƙwallo a kanta ba, ba a yarda ba. In ta yi kyau a yaba wa manaja, in ta bushe a nemo ni. Maganin feshi ya cinye min ƙirji. Gidan da nake ciki na kulob ne, ranar da na kasa tashi ranar za a karɓi makulli. Ba ni da abin zarginka, kana da hannun aiki. Shi ya sa ma. Mai hannu ba ya barin aikin nan. Na rantse 'yata ba za ta auri mai ciyawa ba."

"Baba, zan yi ƙoƙari..."

"Ni ma ƙoƙarin na yi. Ɗauki injinka."

Ana cikin haka ga Koci, mai koya wa mambobi riƙon sandar golf. Farin takalmi, farar hula, turare tun daga ƙofar shiga. Shi ma ya gano hanyar ɗakin wanki, kuma bai tsaya bayan tanki ba, gida ya je ya gaida Oga da ledar magungunan tari. Oga bai ce wa 'yarsa dole ba. Ya dai riƙa cewa, "Mutumin kirki ne, kuma a inuwa yake cin abincinsa."

Wata rana Wanzami na cikin ramin yashi yana gyara, sai ga 'yar motar fili ta wuce. Koci ke tuƙi, Raɓa na gefensa da kwando a cinya. Sauran ma'aikata suka sa dariya.

"Wanzami, an yi maka aski ba ruwa!"

Da yamma ya tura mata: "Na ga an samu mota. Allah ya sanya alheri."

Amsa ta zo nan take: "Tawul arba'in ne a kwandon, kuma manaja ne ya ce a kai ni. In kana da mota ka zo gobe. In ba ka da ita ka zo da baro, zan hau."

Ya yi dariya shi kaɗai, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya san baro baro ne.

Sai ciwon Oga ya kayar da shi. Aka kwantar da shi a gida, ga kuma babbar gasar kulob ta matso. Daga kan gado ya raba aiki, ya aiko a ce wa Wanzami ya riƙe darduma ta tara, wadda ke gaban barandar da manyan baƙi ke zama. Dama ita ce mai wahalar sha'ani, ƙasarta ba ta riƙe ruwa, kullum launinta a koɗe.

Wanzami ya ɗauki wannan a matsayin ƙofa. Ya ce a ransa in tsohon ya tashi ya tarar da ita kore shar, irin koren da shi kansa bai taɓa samu ba, wataƙila ya sake tunani. Ya san ma'aunin taki sarai, Oga ya sha nuna masa. Amma mai son a yaba masa ba ya jin ma'auni. Ya zuba na ƙa'ida, ya tsaya ya duba, ya ga kamar ya yi mata rowa, ya ƙara. Washegari ya sake ƙarawa. Aka yi rashin sa'a injin tura ruwa ya tsaya, rana kuma ta buɗe.

Da farko ta yi wani kore mai duhu har ma'aikata na zuwa kallo. Ya ɗauki hoto ya tura wa Raɓa: "Ki nuna wa Baba."

Ta amsa: "Na nuna masa. Ya dai rufe ido. Wanzami, me ka zuba mata?"

Kafin mako ya fita koren ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya koma kalar buhu. Ya ja tiyo, ya yi jigilar ruwa da bokiti har kafaɗarsa ta saluɓe. Ina! Taki ya ƙone ta har saiwa.

Manaja ya zo da Koci a bayansa. Koci ya sa bakin farin takalminsa ya kankari wurin, busasshiyar ciyawa ta tashi kamar ƙaiƙayi.

"Nan za a kawo baƙi? Ai ko akuya ba za ta tsaya ba."

Manaja bai yi dogon zance ba. Ya ce Wanzami ya ajiye rigar aiki a sito.

Ya zauna a ɗakinsa na haya, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, daga ƙarshe ya tura: "Raɓa, Baba ya fi mu gani. Da ina mai ciyawa ya ƙi ni, yanzu ko ciyawar babu. Ki auri Koci. Ba zan riƙe ki a rai ba."

Ta amsa: "Sannu mai rabon mata. Ni tawul ce da za ka miƙa wa na kusa? Koci na sallame shi tun ranar da ya ce in daina gaida masu datti. Ubana mai datti ne. Ka tashi ka wanke fuska."

Oga ya tashi daga jinya ba don ya warke ba, sai don manaja ya aiko cewa a gyara wurin kafin gasa ko a san abin yi. Ya fito da sassafe, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Suna isa suka tarar da mutum durƙushe a tsakiyar darduma ta tara, ba rigar aiki, yana kankare matacciyar ciyawa da shebur yana lodawa a baro.

"Ba korarka aka yi ba?" in ji Oga.

"An kore ni, Baba."

"To wa zai biya ka?"

"Ba kowa. Ni na kashe ta. Ba na iya barci in na tuna tana nan a haka."

Oga ya juya ya kalli 'yarsa. "Kin gani? Cutar da nake gaya miki ke nan. Ba ta da magani."

"Na gani, Baba. A gidanmu na fara ganin ta."

Oga ya mayar da ido kan darduma. Ya ce a je bayan sito a yanko lafiyayyar ciyawa falle-falle da ƙasarta, a zo a shimfiɗa. Haka suka yi kwanaki, tsoho na zaune kan bokiti yana nuni da sanda yana tari, saurayi na ɗauka yana jerawa yana dannawa da tafin hannu. Maigadi ya riƙa kau da kai. Tsoho da saurayi ba sa hira sai ta aiki.

"Matsa ta. Kar ka bar baki, rana za ta shiga."

"To, Baba."

"Ka iya jeri, shege. Da ba ka iya ba da na huta."

Amma ciyawa ba ta san gasa ba, lokacinta take bi. Ranar da baƙi suka zo wurin duk tabo ne kamar rigar da aka yi wa faci. Aka kewaye shi da igiya, aka kafa tuta a wani gefe, mambobi suka yi ta ƙorafi a baranda. Bayan gasa manaja ya kira Oga ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya ce kulob ya gode, lokacin hutawarsa ya yi. Gidan kuma a mayar wa kulob zuwa ƙarshen wata.

Ranar da suke ɗaure kaya, Wanzami ya zo taya su. Ya tsaya a ƙofa, ya kasa shiga. Uwar Raɓa na naɗe labule, Oga na zaune kan katifar da aka riga aka ɗaure.

"Shigo mana," in ji uwar. "Wanda ya rushe gida ai shi ya kamata ya ɗauki kaya."

"Umma, ku yafe ni."

"Ɗauki akwatin can tukuna."

Oga ya dube shi. "Yanzu me kake yi?"

Wanzami ya sunkuyar da kai. "Na samu aron wani tsohon inji. Ina bi gida-gida ina yanke musu ciyawar tsakar gida."

Tsohon ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da aka ba shi ruwa. "Ciyawa dai! An kore ka daga ciyawa ka tafi neman ciyawa."

"Ita na iya, Baba."

"To rantsuwata na nan."

Uwar ta ajiye labulen. "Malam, ni fa mai ciyawa na aura. Ka taɓa jin na ce a mayar da ni gidanmu?"

"Ke ba ki san wani abu ba ne."

"Na san wari, na san tari, na san miji da ke fita kafin yara su farka. Yau ga ni ina ɗaure kaya da furfura. Kuma da za a sake, kai ɗin dai zan ɗauka, don ba ni da hankali. 'Yarka ni ta gado."

Raɓa ta durƙusa gaban ubanta. "Baba, ba zan yi abin da ba ka yarda ba. In ka ce a'a, zan zauna. Amma zama zan yi, ba wani zan aura ba. Ba daɗi nake hange ba, na san abin da ke ciki. Ka bar ni in sha wahalar da na zaɓa."

Oga ya daɗe yana kallon bangon da aka cire hotuna, wuraren sun bar alama.

"Na so in tsallakar da ke," ya ce a hankali. "Ban tsallakar da kaina ba ma." Ya share ido da bayan hannu. "Kai, Wanzami. Ban ce ka dace ba. Na ce na gaji. Ka turo manyanka. Rantsuwa kuma ni da Ubangijina, zan san yadda na yi da ita."

Aka ɗaura auren ba taro mai yawa, a ƙaramin gidan da iyayenta suka kama a bayan gari, tsakar gidansa siminti ne ko tsiro babu. Tsofaffin abokan aiki suka zo da hannayensu masu kaushi, maigadi ma ya zo. Ango ba shi da aikin kirki, surukinsa ba shi da lafiya, kowa a wurin ya sani, ba wanda ya faɗa.

Da za a tafi da amarya, Oga ya sa aka kira su biyun. Ya riƙe hannun angon da yatsunsa da ba sa miƙewa.

"Abu ɗaya zan gaya maka. Kar ka juye mata son duka rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan, kullum, kuma da ruwa."

"Baba," in ji Raɓa cikin kuka da dariya, "ni fa ba ciyawa ba ce."

"Na sani, uwata. Da ciyawa ce ke da na san yadda zan tsare ki." Ya saki hannun. "Ku je. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya ba ku zuri'ar da za ta ci abincinta a inuwa."

Ɗakin ya amsa da amin.