Tsugunnon Theresa

Ranar da komai ya canza, Theresa ta faɗi a gonar dawar ubanta a Rikoto, nan Zuru, cikin daminar 2003.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta golmo, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Da safe in koyar da adabi a sakandare, da rana in duƙa da fartanya tare da abokaina.

Ta taho mana da ruwa. Ta tsaya, ta tsugunna kamar yadda ta saba, sai tulun ya suɓuce.

"Tere! Tere, kalle ni!"

Leɓɓanta sun yi duhu kamar ta sha ɗinya.

"Philemon... numfashina..."

Keziah, ɗiyar baffanta, ta taɓe baki.

"Ta fara! Tun muna yara haka take, da an ce aiki sai tsugunno."

Duk Zuru an san wannan tsugunnon, kuma kowa ya yanke hukunci: lalaci ne. Garinmu ba a rasa masana. Wanda bai taɓa gane kan ciwon haƙorinsa ba, shi zai gaya maka abin da ke cikin ƙirjin wani.

Na kai ta Sakkwato. Likita ya goga wata na'ura a ƙirjinta, zuciyar ta fito a allo tana motsi.

"Da ciwon aka haife ta," in ji shi. "Akwai huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciyar, hanyar da ke kai jini huhu kuma ta matse. Jini mai iska da marar iska suna gauraya. Da wuya mai irin wannan ya girma haka ba a yi masa aiki ba."

"Tsugunnon fa, likita?"

"Shi ya raya ta. In ta tsugunna, jini na ƙara shiga huhu. Jikinta ne ya koya mata."

Ta kama hannuna, tana dariya tana hawaye.

"Ka ji, masoyi? Ashe ni ba raguwa ba ce!"

Da muka dawo, Gwaggo Margaret, yayar babana, ta riga ta yi zama da Keziah. Na tarar da su a gidan surukina, Keziah ta ci kwalliya kamar ranar Kirsimeti.

Surukina ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, gumin golmo ba ya tafiya banza. Ka yi noma, ɗiyata kuwa ba lafiya. Ga Keziah, gida ɗaya ne."

"Ka karɓa, Philemon!" in ji Gwaggo. "Wadda za a tsaga wa ƙirji, mi za ta haifa maka? Mi za ta daka?"

"Gwaggo, akuya na biya ne da za a canza mani?"

"Ji marar kunya! Boko ya ci kansa!"

Keziah ta kashe murya. "Yaya Philemon, ni fa tausayinka nake ji..."

"Riƙe abinki, ƙanwata. Za ki buƙace shi."

Theresa tana bayan zana, ta ji komai.

Abokan golmona suka sayar da dawarsu ta wannan shekarar don haɗa kuɗin aikin. Muka tafi Inugu, inda wasu likitoci baƙi suka zo aikin zuciya. Babbansu ya yi mana bayani: za su tsayar da zuciyar, inji ya riƙa tura jini, su toshe hujin da faci, su buɗe hanyar da ta matse, sannan su tashe ta.

Ana tura gadonta, ta riƙe rigata.

"Masoyi... da ka sani tun farko, da ka yi golmon?"

Ni mai baki, ni da na karanta littattafan soyayya cike da kwali, ga abin da na ce:

"Ki fito tukuna. Ba na amsa tambaya a bakin ƙofa."

Ta fito. Leɓɓanta suka washe. Ranar aurenmu ta yi rawa har Gwaggo Margaret ta gaji ta zauna, tana gaya wa mutane addu'arta ce ta yi aiki. Theresa ta hau dutse da gudu, ta daka, ta yi faɗa da ni kan littattafan da nake barbazawa a gado.

Ba ta sake yin tambayar ba. Ni kuma na ɗauka lokaci namu ne.

A shekara ta huɗu da aurenmu, ina cikin aji, bugun zuciyarta ya rikice. Likita ya taɓa ce mana yakan faru. Kafin in iso, an rufe ta da zane.

Dangi suka cika gida da kuka. Keziah ta fi kowa ƙarfin murya, ta kuma zo da tuwo a kwanonta mafi kyau. Na bai wa kare.

"Ai mun faɗa maka," in ji Gwaggo a hankali.

Sun faɗa. Har yau suna faɗin haka. Amsa ɗaya gare ni, kuma ba tasu ba ce.

Da na sani tun farko, Tere, da tun ina ɗan shekara goma na ɗauki fartanya na nufi gonar babanki.