Malama da Mai Walda

Da faɗa muka fara, ni da ita.

Wani asibiti ne ya ba ni aikin kafa ƙarfen dafawa a doguwar barandar da ke kaiwa ɗakin masu ciwon jijiya. Kwana biyu ina yanka ina liƙawa, na goge, na shafa fenti, na ja da baya ina kallon aikina ina jin kaina. Sai ga wata budurwa ta taho a hankali, sanda a hannun dama, jakar takardu a kafaɗa. Ta dafa ƙarfen, ta yi taku uku, ta tsaya.

"Kai ka yi wannan?"

Na ce ni ne, ina jiran yabo.

"To wa ka yi wa? Raƙumin dawa?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata awon da ofis suka ba ni shi na bi. Ta ce ai 'yan ofis ba su ne za su dafa ba. Ta yafito wani dattijo da ke zaune a keken guragu, wanda kowa ke kira Tsohon Direba, ta ce ya gwada. Ya miƙa hannu sama da ƙyar, ya dube ni yana murmushi.

"Ɗana, ni ba na ɗaga hannu haka sai wajen addu'a."

Kunya ta kama ni. Sau uku na sare ƙarfen nan, tana tsaye a kaina da abin awo, har sai da na ƙara layi na biyu a ƙasa saboda masu keke. Ranar da na gama ta ce, "Yanzu ka zama Injiniya." Da zolaya ta faɗa, amma sunan ya bi ni.

Ita kuma Malama ake ce mata, don lissafi take koyarwa a makarantar sakandare. Ciwon da ke jikinta likitoci na kiransa MS. Yadda ta yi mini bayani, garkuwar jikin mutum ce da ya kamata ta kare shi, sai ta juyo tana cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyinsa. Saƙo ya ƙi isa ƙafa, ko ido, ko hannu. Yau ka tashi garau, gobe cokali ya gagare ka. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma har yanzu ba a samo abin da zai raba mutum da shi gaba ɗaya ba.

Tana da shekara ashirin da huɗu ya fara mata, a gaban allo. Alli ya suɓuce daga hannunta, lambobi suka koma bibbiyu. Shekara biyu ana yawo da ita, wasu su ce iska ce, wasu su ce son jiki ne, kafin a gane sunan abin.

Da wata ce, da ta zauna ta rungumi kuka. Ita a kan bencin jiran likita ta haɗa mutum huɗu, suka soma taro duk ranar Asabar. Lokacin da na san ta sun haura sittin. Wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta kafin a sauko da ɗakin ganin likitansu daga hawa na uku zuwa ƙasa. Da aka zo neman masu shiga binciken wani sabon magani, wanda ake sa wa mutum ta ƙarin ruwa sau biyu a shekara, ita ta fara sa hannu. Duk wata shida sai ta kwanta a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ta ce ta fi shagona ƙara. Idan sakamako ya fito kuwa, sai ta zaunar da Likita a gaban 'yan ƙungiya, ya yi ta zuba manyan kalmomi, ta ɗaga sanda ta ce, "Likita, maimaita yadda kakarka za ta gane."

Aikina ya ƙare, amma duk Asabar sai na tuna akwai wani noti a ƙarfen asibitin da ban ɗaure sosai ba. Tsohon Direba ya ce wannan noti in ba aure aka ɗaura masa ba, ba zai taɓa ɗauruwa ba.

Da na faɗa mata abin da ke raina, ba ta yi murmushi ba. Ta ce ranakunta masu kyau kawai na sani, in jira in ga mummuna tukuna.

Mummunar ta zo da zafin rana, don zafi yana tayar mata da ciwon. Na same ta a falon gidansu, idonta ɗaya ya dushe, hannunta na rawa, kofin ruwa ya zube mata a jiki sau biyu. Ta juyar da kai ta ce in tafi. Na ɗauko tsumma na goge ƙasa, na jawo fanka kusa da ita, na zauna ina karanta mata amsoshin jarrabawar ɗalibanta tana faɗa mini makin da zan sa. Muka yi takarda arba'in. A ta ƙarshe ta ce a hankali, "Injiniyana... ka san abin da kake nema kuwa?"

Na ce na sani, kuma ita nake nema.

Saura Inna, mahaifiyata.

Mahaifina ya yi shekara tara a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin Allah ya karɓi abinsa. Inna ce ta yi jinyarsa ita kaɗai, ina ƙarami, ta ɗaga, ta juya, ta wanke, har bayanta ya ranƙwafa. Ban taɓa yi mata musu ba, ko sau ɗaya. Da na gama ba ta labarin Malama, ta ajiye wankin da ke hannunta ta daɗe tana kallona.

"Na ga abin da jinya take yi wa mutum," ta ce. "Ban haife ka don ka gaje ni a wannan ba. Idan ina da haƙƙi a kanka, ka bar maganar nan."

Na yi roƙo, na turo kawuna, na kawo mata bayanin Likita cewa masu wannan ciwo suna aure, suna haihuwa, suna aiki. Ta ce ita ma an yi mata irin waɗannan bayanai masu daɗi, sannan kowa ya koma gidansa ya bar ta da majinyaci.

Ban san ta je makarantar su Malama ba sai daga baya. Ta jira ta a bakin ɗakin malamai har aka tashi, ta roƙe ta, don girman Allah, ta sakar mata ɗa. Malama ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce, "Inna, abin da kike tsoro na fi ki tsoronsa. Na sake shi." Sannan ta ce ita ma tana da roƙo ɗaya, kuma ba shi da alaƙa da ni. A ƙungiyarsu akwai mata da maza bakwai masu jinyar abokan zamansu, ba wanda ya iya ɗaga mutum daga gado ba tare da ya ji wa bayansa ciwo ba. Ilimin shekara tara yana hannun Inna, ko za ta zo ta koya musu?

Inna ta dawo gida tana faɗa ita kaɗai, wai yarinyar nan ba ta da ta ido. Ni kuma da yammacin ranar Malama ta kira ni.

"Kada ka ƙara zuwa, Injiniya. Ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba."

"Masoyiyata, ki tsaya ki ji..."

"Idan na tsaya ba zan iya ba."

Ta kashe wayar.

Wata huɗu ban sa ta a ido ba. Na rame, walda ta ƙone ni sau biyu don hankalina ba ya jikina. Ban yi wa Inna fushi ba, ina gaishe ta, ina cin abincinta, amma gidan ya yi tsit.

Abin da na lura da shi kawai, ran Asabar sai Inna ta shirya ta ce za ta dubiya. Mako na farko minti talatin ta yi. Na uku sai da la'asar ta dawo, ta nemi tsohon zanen gadon Baba ta tafi da shi, wai za ta nuna wa wata yadda ake juya mutum da zane. Ta soma kawo labarai: matar Tsohon Direba ta fi shi surutu, wani magidanci ya fashe da kuka da aka tambaye shi ko shi ya ci abinci. Sunan Malama ne kaɗai ba ta ambata.

Rannan Likita ya tara 'yan ƙungiya don faɗin sakamakon binciken, shugabannin asibiti ma suka zo. Inna ce ta ba ni labari da bakinta. Likita ya ce maganin ba ya warkarwa, amma a yawancin waɗanda suka shiga ciwon ya rage tashi, hotunan ƙwaƙwalwarsu ba su nuna sabon tabo ba. Aka yi ta tafi. Malama ba ta cikin waɗanda ya yi wa aiki sosai, ita nata sai an sauya mata wani, kuma ranar ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Duk da haka ta sa aka ɗaga ta, ta jingina da tebur, ta taya sauran murna, sannan ta dubi shugabannin ta ce idan bincike ya ƙare, kada a ce maganin ya ƙare ga waɗanda suka ba da jininsu aka gano shi. Ba ta zauna ba sai da babbansu ya yi alkawari a gaban kowa, aka rubuta.

Inna ta gama labarin tana murza yatsunta.

"Ka san wa ya riƙe ta tana magana?" ta ce. "Ni."

Na matso na zauna kusa da ita.

"Shekara tara ba wanda ya taɓa tambayata ya nake. Ashe ba ciwon nake tsoro ba, kaɗaicin ne. Yarinyar nan kuwa ta toshe ƙofarsa da mutum sittin." Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi ka je, kafin wani mai hankali ya riga ka."

Ko rigar aiki ban cire ba na fita.

Malama ba ta sauƙaƙa mini ba. Ta ce sai na zauna a ajin masu jinya wata uku, in ji komai, mai daɗi da marar daɗi, in har ina nan bayan haka to ta yarda. Malamar ajin kuwa Inna ce, kuma ba ta raga mini ba. Sau biyu tana sa ni maimaita ɗaga Tsohon Direba daga keke, shi kuma yana cewa a canza masa ɗalibi, wannan soyayya ta cinye masa ƙarfi.

Aka ɗaura aure bayan wata biyar.

Ranar da za ta shigo gidanmu, gajiyar hidima ta taso mata da ciwon. Motar ta tsaya a ƙofar gida, ta fito da sandarta, ƙafar hagu tana ja. Mata sun cika tsakar gida. Na ji wata daga cikin dangi tana raɗa, da muryar da kowa zai ji, wai Allah sarki, yaro da ƙuruciyarsa.

Malama ta ji. Na ga hannunta ya ƙanƙame sandar, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Na yunƙura zan isa gare ta, amma an riga ni. Inna ta ratso mutane da ranƙwafaffen bayanta, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannun amarya, ta ɗago kai ta dubi tsakar gidan gaba ɗaya.

"Ku matsa," ta ce, "'yata za ta wuce."

Aka dare, suka shiga tare, taku ɗaya bayan ɗaya.