Wutar Dokin Ƙofa

Bayan azahar Babayo ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur, ya kama hanyar Katagum. A Azare duk wanda monitar kwamfutarsa ta mutu, shagon Babayo ake kwatanta masa. Ba da son ransa ya fito ba. Matarsa Zulaiha tana cikin wankan jego, ga ta mace ce da ta sha wabi, duk wanda ta haifa ba ya kaiwa yaye. Wannan karon Allah ya ba su Khaulat. Babayo, sarkin gaggawa da ko gaisuwa ba ya tsayawa ya ƙarasa, sai ga shi ya koma mai gadin jaririya, numfashinta kawai yake zama yana saurare. Amma Zarami abokinsa ne tun na makaranta, ya yi ta aike har kunya ta hana Babayo cewa a'a.

Shagon buga takardun Zarami ɗaki ne na ƙasa a ƙarshen gari, ta wajen kogi. Damina ce, ɗakin sai warin danshi da na kifin da maƙwabta ke bandawa. Monitar na kan tebur, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan.

"Ina cikin aiki na ji ɗas, sai hayaƙi," in ji Zarami.

"Fawa ce," in ji Babayo, "wurin da ke karɓar wuta ya raba wa sauran. Ta da injin wuta."

Ya kwance bayan monitar. Fis ya ƙone, wata kafasta, 'yar gwangwanin da ke tara wuta, ta kumbura ta fashe. Ya zazzage jakarsa ya zaɓo wata da ya ciro daga tsohuwar monita, ya narka dalma ya liƙa. Aka kunna. Ta yi ƙyas, ta sake mutuwa. Haka aka yi ta fama har rana ta yi ja, ladan ya kira salla, Zarami ya ce bari ya je masallaci ya dawo.

Goggo Meram, mahaifiyar Zarami, ta zo wucewa da buta, ta leƙo.

"Ɗan nan, magariba ta yi. Ajiye ƙarfen nan haka, mutanen ɓoye sun fito da 'ya'yansu."

"Yanzu zan gama, Goggo."

"Ko ruwan zafi ba a zubarwa yanzu sai da bismilla."

"Ai ni ba ruwa nake zubarwa ba," ya ce yana dariya.

Ta girgiza kai ta shige gida. Shi kuwa hankalinsa duk yana Azare. Irin waɗannan monitoci ko an zare su daga soket, wuta na maƙale a cikinsu, wadda za ta iya jefar da ƙato. Kafin ya sake sa hannu dole ya sauke ta, kuma al'adarsa a ƙasa yake sauke ta. Ya duba ɗakin, babu wuri mai laima kamar dokin ƙofa. Ya kafa ƙusa a nan, ya ɗaura mata waya, ya naɗa ɗaya bakin a sukundireba. Ko bismilla bai yi ba, Allah sarki, ya zura sukundireban a cikin monitar.

Tas!

Sai wani ɗan kuka siriri daga bakin ƙofa, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Sau ɗaya, ya yanke.

Babayo ya waiwaya. Babu kowa. Amma wani ƙauri ya cika ɗakin, ba na roba ba, ba na dalma ba. Ƙaurin gashi ne.

Inji ya yi tari ya mutu. Kwaɗin kogi da suka cika masa kunne tun ɗazu suka yi tsit.

Gilashin monitar ya kawo haske.

Wayarta na ƙasa a zare, yana kallonta da idonsa. Hasken kore-kore ne, kuma ɗakin da yake zaune ne a ciki. Ga teburin. Ga shi kansa, baki buɗe. Ga wata mace durƙushe a dokin ƙofa a bayansa, doguwa, gashinta jiƙe har ƙasa, ta rungume wani abu a zani.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu. Ina! Harshe ya ƙi.

Ya ji tafiyarta, caɓ, caɓ, kamar mai taka laka. Sanyi ya dafa masa ƙeya. A cikin gilashin ya ga ta ajiye abin a kan tebur, gefen kayan aikinsa. A zahiri teburin babu komai, sai dai katakon ya ɗan yi ƙara.

"Kai ne mai gyara?" Muryar a kunnensa take, ƙasa-ƙasa.

"Ni... ni ne."

"Ɗana ne, wasa yake yi a ƙofarmu. Ko gafara ba ka ce ba. Gyara shi."

"Baiwar Allah, ki yi min rai. Ban gan shi ba. Ni na'ura nake gyarawa."

"Ba ya motsi. Ba ya kuka. Wutarsa ta ɗauke, kamar ta akwatin nan." Wani dogon yatsa ya nuna cikin monitar. "In abu ya ƙone a nan, yaya kake yi?"

Da bakinsa ya mutu a nan, da ya fi masa. Amma tambaya ce da ya saba amsa wa masu kawo gyara har ba ya tunani kafin ya amsa ta.

"Cirewa nake, in sa wani."

"A ina kake samo wanin?"

"A jikin wata... mai lafiya..."

Ya ji abin da ya faɗa.

"To," ta ce a hankali. "Na gode, mai gyara."

Gilashin ya yi baƙi.

Wayyo! Babayo bai san lokacin da ya tsallake dokin ƙofar ba. Ya bar jaka, ya bar takalmi. Ya ci karo da Zarami yana dawowa daga masallaci, ko kallonsa bai yi ba. Ya buga babur ya kama hanyar Azare, yana kuka yana salati, ƙwari na faɗa masa a baki, laka na watsa masa a fuska. Duk ramin da ya faɗa sai ya ce, "Ya Allah, ni ne mai laifi, ni za a ɗauka."

An idar da isha ya iso. Gidan shiru, irin shirun da ya riga ya sani. Zulaiha na zaune bakin gado, jaririyar a cinyarta.

"Baban Khaulat," ta ce, "tun da aka yi magariba ta zabura sau ɗaya, shi ke nan. Ta ƙi kama nono."

Ya karɓe ta. Jikinta da ɗumi, tana numfashi, idanunta a buɗe. Ya haska mata tocila, ƙwayar idon ba ta motsa ba. Ya mintsine ta a ƙafa, ya ƙara mintsininta da ƙarfi har Zulaiha ta fizge ta. Ko uhum yarinyar ba ta ce ba.

An je asibiti, an je wurin malamai, an yi tofi an yi hayaƙi. Khaulat na nan da rai, sai an ɗiga mata nono a baki da cokali take haɗiya. Babayo ya rufe shago, bai ƙara taɓa monita ba, kuma bai iya gaya wa Zulaiha komai ba.

Da kaka ya koma Katagum. Zarami ya tashi daga ɗakin, an sa masa kwaɗo. Goggo Meram ta dube shi, ba ta yi masa gori ba.

"Zauna nan, ɗan nan," ta ce. "Ka jira magariba."

Ya zauna a ƙasa. Ladan na yin shiru, sai kukan jariri ya tashi daga ƙarƙashin dokin ƙofar, lafiyayye, mai ƙarfi, da wata murya tana rarrashi.

Goggo ta ce, "Kullum haka muke ji."

Babayo ya kwanta ya ɗora kunnensa a kan ƙasar.

"Goggo," ya ce, hawaye na zuba, "kukan Khaulat ne, yunwa take ji. Haka take yi in tana jin yunwa."