Kunne a Falon Baba

Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta dangwarar da kebul ɗin a kan teburin shagon.

"Abin da ka sayar wa mahaifiyata jiya jabu ne."

Saurayin ya ɗago daga kan rediyon da yake gyarawa, ƙarfen narka dalma na hayaƙi a hannunsa. Doguwa ce, da jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa, alli ya ɓata mata hannun riga, idanunta jajur. Bai san lokacin da ya yi murmushi ba.

"Ina wuni, Malama?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

A tsaye ta zayyana masa, tana yi tana buga tebur. Babanta tsohon direban jirgin ƙasa ne, ganinsa ya yi rauni. Yana da kayan sauti da ya saya shekarar da ya auri Mama: amfilifaya mai nauyi mai ƙara ƙarfin sauti, injin faifai, da manyan sifika biyu masu kai wa mutum ƙugu. Yanzu ba ya ganin rubutun maɓallan. Shi ya sa ta sayo masa ƙaramar sifika mai jin magana, kamar gwangwanin madara, wadda za ka ce ta karanta labarai ko ta sa waƙa, ta yi. Baba ya ce shi ba zai saurari kukan sauro ba, sai dai muryar ta fito ta manyan sifikunsa.

"Na jona, sai ƙara kamar injin niƙa ya haɗiye ƙusa. Tun jiya yake mini faɗa."

"A wane rami kika sa?"

"Ja a ja, fari a fari! Lissafi nake koyarwa, ni ba makauniya..." Ta cije leɓe, ta kawar da kai.

Ya kashe ƙarfen, ya rufe shago, ya bi ta.

"Wa ke taɓa mini kaya?" in ji Baba daga kujerarsa.

"Mai gyara ne, Baba."

"Lafiyarsu ƙalau kafin ki sa musu hannu."

Saurayin ya durƙusa ya haska bayan amfilifayar. Ramukan ja da fari jeri huɗu ne, ita kuwa ta sa a na injin faifai. Ya ce wannan ramin ƙaramin sauti yake karɓa ya kumbura shi, in an ba shi babba sai ya yi ruri. Ya mayar da kawunan biyu inda aka rubuta AUX, siririn kan ya soka a bayan ƙaramar sifikar, ya murɗa maɓalli. Ya manna ɗan salatif a daidai wurin, ya kama yatsan Baba ya ɗora a kai don ya riƙa ganewa da taɓi. Ƙaramar kuma ya ajiye ta kusa da kujerar, nesa da manyan, don kada kiɗa ya hana ta jin muryarsa.

Baba ya yi gyaran murya, ya ce a sa masa labarai. Murya ta cika falon, mai kauri, ba ko tsaki. Tsohon ya karkata kai yana sauraro.

"Hm. Ba laifi."

A bakin ƙofa ta ce, "To, na gode," kamar ana zare mata haƙori.

Washegari saƙo ya shigo ta lambar da ta bar masa ko da matsala.

"Barkono, kebul ɗin na nan lafiya, ko ya koma jabu?"

"Sunana ba Barkono ba ne."

"To wa ya sa idona hawaye tun jiya?"

"Hayaƙin dalmarka, Injiniyan ƙarya."

Haka aka fara. Wata biyar suna faɗa suna shiryawa, ta daina hana shi kiran ta Barkono, "ƙarya" kuma ta faɗi daga nasa sunan. In an tashi makaranta takan biya ta shagon, ta zauna a benci tana duba jarrabawa tana kushe yadda yake tara sukurori a murfin kwalba.

"In na aure ka, ranar farko zan share shagon nan."

"Sake faɗin farkon maganar, Barkonona."

"Ban ce komai ba."

Ranar da maganar aurensu ta isa kunnen Baba, sandarsa ya buga a ƙasa.

"Mai gyaran rediyo? Don ya murɗa maɓalli ɗaya sai in ba shi 'ya? Ga ɗan Gwaggonki nan, jininmu ne, na san asalinsa."

Ɗan Gwaggo shi ake kira Sabon Yayi, don waya ba ta wata uku a hannunsa. Dillalin motoci ne, kuma ya daɗe yana zagaye gidan.

"Baba, mutumin da ya ce a zubar da kayan sautinka a bola?"

"Rufe mini baki! A gidan nan ni ke magana."

Ana cikin wannan takarda ta zo mata: an zaɓe ta ƙaro karatu na shekara ɗaya a wani gari mai nisa. Ba ta gaya wa kowa ba sai Mama, da rana a falo, Baba ya tafi asibitin ido. Ta yi kuka, ta ce ba za ta je ba. Wa zai riƙa ɗiga wa Baba magani a kan lokaci? Wa zai raka shi asibiti?

Kwana biyu bayan haka saƙo ya shigo.

"Barkonona, kada ki ƙi karatun nan. Maganin Baba da asibitinsa ki bar mini. Kuma ki daina kuka a ɓoye, ba na so."

Sau uku ta karanta. Sannan ta ɗago ta dubi ƙaramar sifikar da ke kusa da kujerar Baba. Sabon Yayi na zaune a falon, ya ga fuskarta, ya karɓi wayar kafin ta hana shi, ya karanta da ƙarfi.

"Ai na faɗa! Kawu, wannan abin kunne ne. Wanda ya jona shi yana shagonsa yana jin duk abin da ake faɗa a gidan nan. Har tarinku yana ji."

Baba ya laluba ya fizge kebul ɗin, ya yi jifa da sifikar, ta gangara ƙarƙashin tebur.

"A gidana! Wata biyar ina hira da matata, wani ƙato na sauraro! Wane karatu ne kuma da ni ban sani ba, bare ya sani?"

Nan take ta rubuta masa: "Ashe ɗan leƙen asiri na kawo gidanmu. Kada ka sake kira na. Allah ya isa."

Ba a yi rabin sa'a ba saurayin ya yi sallama, ko rigar aiki bai cire ba. Ba ta taɓa ganin sa da fushi ba sai ranar. Ya gaida Baba a durƙushe, Baba bai amsa ba. Ya miƙe ya juyo gare ta.

"Buɗe wayarki. Da hannunki kika haɗa sifikar da intanet kafin in san gidan nan. Duba, lambar wa ke ciki? Wayar wa aka jona? Kebul kawai na sa, Malama. Kebul ba ya kai gulma."

Malama. Kalmar ta soke ta fiye da zagi. Ta duba, wayarta kaɗai ce a ciki.

"To wa ya gaya maka?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Kun ji ko?" in ji Sabon Yayi. "Irin su sun san hanyoyi."

"Wata biyar kina zama a bencina," in ji saurayin, bai ko kalle shi ba. "Mutane na barin wayoyinsu a hannuna da duk sirrinsu, kin taɓa ganin na buɗe ta wani? Amma kafin ki tambaye ni har kin yi mini Allah ya isa."

"Fita mini daga gida!" in ji Baba.

Ya juya zai fita, sai aka ji faranti ya faɗi a kicin. Mama ta fito, hannunta duk kumfa. Shekara talatin da aure ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya.

"Ba inda za shi. Ni na gaya masa! Da ƙafata na je shagonsa."

Ta juya ga Baba.

"Yarinya za ta binne rabonta saboda kai, in na gaya maka sai ka buga sanda, ita kuma kanta ya fi dutse. Wa zan gaya wa? Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ga shi ana korarsa kamar ɓarawo bai tona ni ba. Kai kuma," ta nuna Sabon Yayi, "tunda idon kawunka ya lalace, sau nawa ka kai shi asibiti? Tashi ka ba ni wuri, ka gaida Gwaggo."

Ya tattara makullansa ya fice. Baba ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Saboda ni za ki ƙi karatu? Ni na ce miki na zama kaya?" Ya ɗago kai. "Za ki je. Kai kuma... ɗauko abin can ka mayar, in bai fashe ba."

Bai fashe ba. Saurayin ya mayar da shi, ya nuna wa Baba maɓallin da ke toshe wa sifikar kunne duk lokacin da ya so, ya yi sallama ya tafi bai dube ta ba.

Kwana uku ba saƙo. A na huɗu ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura.

"Na zalunce ka. Na janye Allah ya isa, na maida ita kaina. Ka yafe mini, Injiniyana."

"Har yanzu ina fushi."

"Ka zo ka yi fushin a gabana. Baba ya ce ka turo manyanka."

Sati biyu kafin tafiyarta aka ɗaura auren. Da aka kawo su gaban Baba yin sallama, ta durƙusa tana kuka, ya ce angon ya matso. Ya sa tafukansa biyu ya shafa fuskar saurayin, daga goshi har haɓa, a hankali.

"Ban taɓa ganin ka sosai ba. To, yau na gan ka." Ya laluba hannun 'yarsa ya ɗora a nasa. "Zuciya gare ta, a wurina ta gada, kada ka ga laifinta. In kun yi faɗa kada rana ta faɗi ba ku shirya ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu haƙurin uwarta."

"Amin," in ji Mama, tana share ido. "Zuciyar uban da ta 'yar sun ishe mu."