Jirgin da Ke Jiran Cikon Mutum Ɗaya

Shayi kawai na je kai wa Mudasiru. Shi ne abin da ya fitar da ni daga ɗakin gadi a yammacin nan, shekarar dubu biyu da biyar, lokacin da ake ta haƙe-haƙe a Doha kamar an ce akwai zinare a ƙarƙashin kowane titi.

Sunana Dikko, Bakano ne ni, mutumin Kurna. Mudasiru kuwa Bazazzagi, ka ga ke nan abincina ne, kullum sai na taɓa shi. Gadi muke yi a gonar wani attajiri can bayan Mu'aither, inda kwalta ta ƙare. Shi ne kafil ɗinmu, wato wanda ya tsaya mana muka shigo ƙasar, fasfo ɗinmu yana hannunsa. Mutumin ba shi da aiki sai tara tsofaffin kaya: motoci, takubba, har da jirgin sama sukutum a wata ƙatuwar rumfar kwano.

Jirgin nan abin dariya ne. Fukafukai sama da ƙasa, jiki duk katako da yadi, kamar an ba tela da kafinta kwangila. Wani tsohon Bature ke gyaransa, na raɗa masa Jan Kunne. Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa ya ba ni tarihi. Wai kamfanin da ya ƙera shi a Ingila da jiragen yaƙi ya fara. Da yaƙi ya ƙare aka rasa mai saye, sai suka cire bindiga suka sa kujeru, aka koma ɗaukar wasiƙu da fasinja. Wannan ɗin wai har Kano ya riƙa zuwa. Da aka sake wani yaƙin soja suka karɓe shi, ya yi ta kwasar masu rauni, wasu a cikinsa suka cika. Daga baya masu haƙar mai suka saye shi, suka gaji suka yar a sahara.

Injinsa ma ba ya jikinsa. Jan Kunne ya sauke shi, ya baje a kan tebur kamar kayan cikin rago.

To a satin nan aka bugo wa Mudasiru daga gida, Tudun Wada, cewa mahaifiyarsa na kwance, in yana son ya same ta ya taho. Kafil ya tafi hutu waje, wayarsa a kashe. Ba sa hannunsa, ba takardar fita. Mudasiru ya yi ta sintiri ofishin wakilinsa a unguwar Bin Mahmud, kullum amsa ɗaya: bukura, wato gobe, in sha Allah. Ya daina cin abinci. Da rana na ce bari in sa shi dariya.

"Bazazzagi, ga jirgin Kano can a rumfa, ka je ka yi lodi mana."

Bai yi dariya ba. Kallona kawai ya yi.

Da magariba ta kawo kai na tarar da kujerarsa ba kowa. Jan Kunne ya tashi tun la'asar. Amma ƙofar rumfar a buɗe take.

Na leƙa. Duhu-duhu, ga zafi kamar gidan burodi. Warin baƙin mai da tsohuwar fata na saba da shi. Akwai wani warin kuma a ƙarƙashinsa. Warin ƙasa sabuwar haƙa, da turaren da ake sa wa likkafani.

"Mudasiru?"

Shiru. Sai kwano yana ƙas, ƙas, yana hucewa.

Daga can gaban jirgin, wajen zaman matuƙi, na ji murya. A hankali take, ba gaggawa. Hausa ce, amma irin ta Turawan da, wadda kakana ke kwaikwaya in zai ba mu dariya.

"Kano. Saura mutum ɗaya."

Kofin shayin ya faɗi. Ban ji ƙararsa ba.

Ƙaramar ƙofar jirgin a buɗe, ga Mudasiru yana hawa, da jakarsa a kafaɗa. Na bi shi da gudu, na tura kaina ciki.

Jirgin da na sani ƙura ce kawai a kan kujerunsa. Yanzu cike yake. Mutane zaune, kowa ya juya baya, wasu da fararen kaya, wasu da kakin soja da ya koɗe. Mudasiru ya zauna a kujerar ƙarshe yana ɗaura bel.

"Kai, sauko," na ce da raɗa. "Wasa nake maka ɗazu, wallahi."

"Sun ce kafin isha muna Kano, Baba Dikko. Ba fasfo, ba komai." Ya ƙara matse bel ɗin. "Ka taimake ni. Ka cire katakon da ke tare tayar."

Na sake duban mutanen nan. Kafin in zo ƙasar nan kamasho na yi a tasha. Mu ne muke zama a mota mu yi kamar fasinja, don mai gaggawa ya ga ta kusa cika ya shiga. Na san fasinjan ƙarya in na gan shi. Ba ya riƙe kaya. Ba ya mita, ba ya tambayar yaushe za a tashi. Waɗannan ba mai ko leda a hannu. Cikin zafin nan ba mai fifita, ba mai share gumi.

"Mudasiru, 'yan jan kasuwa ne. Kai kaɗai ne fasinja a nan."

"Ko su waye. Inna nake son gani."

A waje wani abu ya yi gurnani. Farfela. Farfelar da ba inji a bayanta ta juya sau ɗaya, ta tsaya. Ta sake juyawa.

Na ja hannunsa, ya fizge. Na roƙe shi da girman Allah, ya toshe kunne. Dabara ta ƙare mini, sai wadda na fi iyawa.

"Wa za ka je gani? An bugo wayata ɗazu. Inna ta rasu tun la'asar. Haƙuri na zo ba ka."

Jikinsa ya saki.

Sai fasinjan da ke kusa da shi ya juyo. Wuyansa ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tsoho ne, da ƙasa a cikin gemunsa.

"Ƙarya yake, ɗana," ya ce a hankali. "Ba ta iso ba tukuna. Da mun gan ta."

Mudasiru ya dube shi.

"Zauna abinka. Kai za ka tarye ta."

Nan Bazazzagi ya gane tashar da za a sauka. Ya kai hannu bel. Bel ya ƙi.

Farfela ta kama sosai. Rumfa ta ɗauki rugugi, yadin jirgin yana kaɗawa. Na nemi Ayatul Kursiyyu, ta gudu ta bar ni. A'uzu kawai nake ta maimaitawa kamar aku.

Na ji katakon taya ya goce da kansa.

'Yar wuƙar da nake yanka lemon tsami da ita na zaro. Na kama fatar bel ɗin ina girza. Ta yi sanyi kamar ƙanƙara.

Jirgi ya motsa.

Bel ya tsinke. Na wurga Mudasiru waje, na juya zan bi shi, aka riƙe rigata ta baya.

"Kai ma ai ka daɗe ba ka je gida ba, Dikko."

Muryar nan ce ta wajen zaman matuƙi, dab da kunnena.

Na ɗaga hannuwa na sulale daga rigar, na faɗo a kan siminti. Muka rarrafa muka fita. Can nesa ladan ya ce Allahu akbar, komai ya yi tsit.

Ni na buga wa Mudasiru gida. Ƙanwarsa ta ɗaga, ta kai wa tsohuwar wayar a kunne. Na ji muryarta siririya tana cewa, "Mudasiru, ka ci abinci kuwa?" Ya kife a cikin yashi yana kuka, ni ma na taya shi, ba kunya.

Sati na zagayowa kafil ya dawo ya sa hannu. Mudasiru ya same ta da rai. Ya yi jinyarta da hannunsa, shi ya rufe mata ido. Bai sake dawowa Doha ba.

Ni kuwa kwantiragina bai ƙare ba, na ci gaba da gadin. Ina toshe kunne da auduga in magariba ta yi. Haka nake lallaɓawa har ran da aka bugo aka ce 'yata ta haihu, an sha wuya, tana ta kiran sunana. Ban san lokacin da na tashi ba. Farkawa kawai na yi na gan ni a bakin rumfar nan, na sa sabuwar hulata, na fesa turare.

Da safe na je na durƙusa wa wakili, na ce ya mai da ni ko gadin bola ne, in dai cikin gari ne.