Ƙwayar Waken Suya

Ranar Talata matata ta faɗi a ƙofar kicin, riƙe da kwalbar maganin da ni na saya mata.

Shekara talatin na yi ina aiki a ɗakin karatu. Na karanta littattafai har na manta ba ni na rubuta su ba.

Wata takwas kafin faɗuwarta ta fara jiƙewa da gumi, fanka na juyawa a kanta. Numfashi na yanke mata a matakala.

"Malam, ƙirjina fa... kamar an ɗora min dutse."

"Shekaru ne. Al'ada ce take miki ban kwana."

"Ko mu je a duba ni?"

"A duba me? Ai na duba. Shafi na ɗari da biyu."

Ta yi dariya. "To likitan gida, me za ka rubuta min?"

Ƙwayar waken suya na sayo. Har zane na yi mata a bayan ambulan ɗin wasiƙa, yadda sinadarin waken yake kwaikwayon abin da jikin mace ya rage yi.

"Yanzu wake ne zai mayar da ni budurwa?"

"Allah ya kiyaye. Da ƙyar na iya da ke a karon farko."

Kullum bayan karin safe sai ta haɗiyi ɗaya. In na tambaya ta ce, "Da sauƙi, masoyi."

A asibiti likita ya jujjuya kwalbar, ya ajiye. "Wannan bai kashe ta ba, Baba. Zuciya ce, ta daɗe tana kira."

Bayan kwana uku 'yarmu ta same ni a falo, idonta a ƙasa.

"Baba, ba ta taɓa jin sauƙi ba. Sau biyu na zo da mota in kai ta asibiti."

"Me ya hana?"

"Ta ce... kada ka ji kamar an raina karatunka."

Yanzu kowace safiya, da na ajiye kofin shayi, sai in ji ƙarar ƙwayoyi a kicin, kamar wani ya girgiza kwalba. Ba na waiwayawa. Tagar da matata ta saba buɗewa saboda zafi ma na kasa rufe ta.

Shekara ashirin da bakwai da aurenmu, duk abin da ta tambaye ni ina da amsa. Ɗaya ce kawai ta buƙata, ban ba ta ba: "Ban sani ba. Ɗauko mayafinki mu je."