Ƙarfen Rabin Kilo

Da hantsin ranar Laraba Tabawa ta shigo caji ofis, laftof a hammata, ta kuma rungumo wani abu naɗe cikin zane tana lallaɓa shi kamar ƙwai. Sufeto Jumare, wanda ya shekara tara yana aiki a Enugu, ya san mutanensa sarai: ba sa kawo ƙara wurin 'yan sanda sai tura ta kai bango.

Mijinta Malam Yelwa mahauci ne a kasuwar Artisan, watansa biyar da rasuwa. Yana kwance ya sa aka ɗauke shi bidiyo, ya faɗa da bakinsa cewa teburin da yake sayar da nama na Tabawa ne, da shanun gādonta aka saye shi. Jibi Juma'a Sarkin Fawa zai zauna a kan maganar, domin ƙanen mamacin, Kallamu, ya ce teburin na gidansu ne.

To laftof ɗin da bidiyon ke ciki ta tsufa, sai ka sha shayi ka wanke kofi ba ta gama buɗewa ba. Kallamun nan dai ya karɓa zai kai gyara, ita kuwa ta ba shi, don ana shari'a ba a yanke zumunci. Ya dawo da ita tare da wani baƙin akwati mai waya, wai furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta waje. Laftof ta yi sauri, amma cikinta fayau. Ya ce akwatin ne ya zuƙe komai, zai amayo bayan kwana arba'in, muddin ba a buɗe shi ba.

Ran Jumare ya ɓaci. Cuta iri-iri ya gani, amma a yi wa mace mai marayu huɗu wannan rainin hankali, abin ya wuce gona da iri.

Ya kira Kofur Mu'minat, wadda ke kula da kwamfutocin ofis, ya tambaye ta ko laftof na iya aiki da furosesa daga waje.

"Ina, Oga. Furosesa a jikin allon ciki take, ba a jona ta da waya. Faifan ajiya kam ana jonawa daga waje, amma ban da ita."

Ta kwance bayan laftof ɗin, ta ce faifan da ke ciki sabo ne, an cire na asali. Da ta ɗauki sukundireba ta nufi akwatin, Tabawa ta riƙe mata hannu tana roƙo. Da ƙyar Jumare ya shawo kanta.

Ba komai a ciki sai ɗan ƙwan fitila, da ƙarfen awo na rabin kilo an manne shi da gam don akwatin ya yi nauyi. An ɗiga masa koren fenti a ka. Tabawa ta ce kowane mahauci da alamar da yake wa ƙarafansa, don kada su cuɗe idan an ara.

A unguwar Coal Camp, inda Tabawa ta ce Kallamu ya kai gyaran, Abdulfatah mai gyara ya rantse bai taɓa ganin akwatin ba, alhali ga irinsa guda uku jere a kan kanta. Da ya ji maganar kulle shi a sel sai bakinsa ya buɗe. Ya ce shi akwati kawai ya haɗa ya canja faifai, wanda ya kawo aikin shi ya kawo ƙarfen, shi ya tafi da tsohon faifan.

Jumare bai je Artisan da kaki ba. Ya fara biyawa ya gaida Sarkin Fawa, ya roƙe shi ya raka shi, sannan ya tsaya gaban Kallamu ya ce a auna masa rabin kilo. Kallamu ya ɗora ƙarafan kwata biyu a sikeli, duka masu koren ɗigo.

"Ina na rabin?"

"An ara, ba a dawo da shi ba."

Jumare ya zaro shi daga aljihu ya dangwara a kan tebur. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka matso. Kallamu ya yi ta kame-kame, daga baya ya amsa. Faifan kuma ya ce tun ranar ya farfasa shi da gatari ya watsa a kwata.

Jumare ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ya danne. Ya tambaye shi, cikin sanyin murya, ko ya kalli bidiyon kafin ya fasa.

"Sau ɗaya."

"Me yayanka ya ce a ciki? Ɗaga murya, Sarki na tsaye."

Kallamu ya sunkuyar da kai. "Ya ce teburin na Tabawa ne."

Sarkin Fawa ya dubi jama'a ya ce kowa ya ji, ba sai an jira Juma'a ba. Kofur Mu'minat ta sa wa Kallamu ankwa, ta tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Tabawa ba ta ko dubi teburin ba. Ta biyo Jumare har bakin titi, ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Ranka ya daɗe, a ƙarshen bidiyon ya kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Autar ba ta san muryarsa ba. Babu yadda za a yi?"

Jumare ya daɗe riƙe da murfin mota kafin ya shiga.